Amsa: Yadda ƙananan garuruwan Italiya suka zama gidan ƙirar gwal

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya. Ta ce ta gaji sarƙar gwal daga mahaifiyarta, da ta duba ɗan makullin da ke haɗa bakin sarƙar sai ta ga an buga 750, ga ɗan tauraro, ga wata lamba, sannan haruffa biyu, AR. Mai shagon da ta nuna wa ya ce mata ai 'yar Italiya ce. Abin da take son sani shi ne, shin Italiya na da ma'adinin gwal ne da sunanta ya cika kasuwa haka, kuma wane babban kamfani ne ke yin waɗannan kayan?

Malama, Allah ya jiƙan mahaifiya. Italiya ba ta da wani ma'adinin gwal na a zo a gani, sayo shi take yi daga waje. Kuma ba wani ƙaton kamfani guda ne ya yi mata suna ba. Wasu garuruwa ne 'yan kaɗan, kowannensu cike da ƙananan maƙeru masu ma'aikata biyar, goma, ashirin, waɗanda ke aiki tamkar ɗakunan masana'anta ɗaya. AR ɗin da kika gani Arezzo ke nan, wani gari a yankin Toskana. Na yi shekaru ina hulɗa da waɗannan maƙeru ta fuskar ciniki, kuma abin da na fahimta ya sha bamban da abin da takardun talla suke faɗa.

Masu talla suna son farawa da mutanen Etruska, waɗanda suka zauna a Toskana ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Gaskiya ne sun iya gwal iyawa ta ban mamaki. Sukan lilliƙa 'yan ƙwayoyin gwal masu ƙanƙanta kamar gari a jikin ɗan kunne ba tare da an ga tabon haɗi ba, har dangin Castellani na Roma suka shafe wani babban ɓangare na ƙarni na 19 suna ƙoƙarin kwaikwayon dabarar. Amma tsakanin waɗancan mutane da sarƙar mahaifiyarki akwai ramin shekaru sama da dubu biyu, babu wata igiyar gado da ta haɗa su. In kin ji mai shago na cewa tun zamanin Etruska Arezzo ke ƙira, ki ɗauka zaƙin baki ne na ciniki.

Inda tarihin ya fara kama ƙasa shi ne zamanin da biranen Italiya suka yi arziki da fatauci. A 1252 Jenowa da Florans suka soma buga kuɗin zinare, Venis ta biyo baya a 1284. To ina suka samo zinaren? Kaso mai tsoka nasa daga wajenmu ya fito, daga Bambuk da Bure, daga baya kuma ƙasar Akan, ayarin raƙuma na ratsa Sahara da shi zuwa Sijilmasa da Tunis, inda fataken Italiya ke jira. Har wani Bajenowe mai suna Antonio Malfante ya kai kansa Tuwat, wani zango a cikin Sahara, a 1447, yana bin diddigin inda gwal ke fitowa, bai kuwa sami gamsasshiyar amsa ba, don masu hanya ba su saba nuna wa baƙo bakin rijiya ba. Wato tun fil azal haka tsarin yake: ƙarfen na wasu ne, hannun na Italiyawa.

A waɗannan birane maƙeran gwal suna da ƙungiyoyinsu, masu dokar wanda zai buɗe shago, shekarun da yaro zai yi yana koyo, da yawan gaurayen da aka yarda a zuba wa gwal. Ta Vicenza tana rubuce tun ƙarni na 14. Shagon maƙerin gwal kuwa shi ne makarantar zane ta lokacin: Brunelleschi da ya gina ƙubbar babbar majami'ar Florans da Ghiberti da ya zuba ƙofofin tagulla da ke fuskantarta, duk a teburin maƙerin gwal suka fara. Gadar nan ta Ponte Vecchio a Florans da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto, da mahauta ne a kanta, suna watsa tarkacen yanka cikin kogin Arno. Masu mulkin gidan Medici suna da wata rufaffiyar hanya da ta bi ta saman gadar, wari ya ishe su, sai Ferdinando na Ɗaya ya kori mahautan a 1593 ya ce maƙeran gwal su tare. Suna nan har gobe. Sai dai wannan ƙira ce ta sarakuna da majami'u da attajirai. Talaka bai san ta ba, balle a yi maganar fitarwa ƙasashen waje da buhu-buhu.

Garuruwan da suka cika duniya da kaya labarinsu na baya-bayan nan ne, kuma kusan kowanne da mutum guda ya fara.

Ɗauki Valenza, wani ɗan gari a bakin kogin Po a yankin Piemonte, wanda mutanensa ba su kai dubu ashirin ba ko a yau. A da garin manoma ne. A 1817 wani Francesco Caramora ya buɗe shagon ƙira a can, ya ɗauki yara. Bayansa yaran suka ci gaba, su ma suka ɗauki nasu. A tsakiyar ƙarnin Vincenzo Morosetti ya faɗaɗa aikin, sannan Vincenzo Melchiorre, wanda ya je Turin da Faris ya ga yadda ake ɗaura duwatsu masu daraja, ya dawo ya buɗe nasa a 1873. Daga shagonsa ne gwanaye da yawa suka fito suka kafa nasu. Ki lura da salon, don shi ne zuciyar amsar: yaro ya koya, ya ƙware, ya tara ɗan abin da ya tara, ya bar ubangidansa ya kama ɗaki a layi na gaba. Ubangidan kuma, maimakon gaba, sai ya riƙa tura masa aikin da ya fi ƙarfinsa. Enrico Damiani ya buɗe nasa a 1924 ta irin wannan hanya, jikokinsa ne ke riƙe da sunan yanzu. A 1945, ana gama yaƙi, maƙeran garin suka kafa ƙungiyarsu. Valenza ta tsaya a kan aikin hannu mai tsada, zoben daiman da abin wuyan da mutum ɗaya zai yi makonni a kansa.

Arezzo, garin sarƙarki, ta bi wata hanyar. A 1926 Leopoldo Gori da Carlo Zucchi suka haɗa jari suka kafa masana'anta, da niyyar yin da inji abin da ake yi da guduma. Da gwamnati ta kafa doka a 1934 cewa kowane maƙeri sai ya yi rajista ya karɓi lambar da zai riƙa bugawa a kayansa, su ne suka fara zuwa a lardin, aka ba su lamba ta ɗaya. Ɗaya, A, R. Da Italiyanci Uno A Erre, wanda ya zama sunan kamfanin. Ba su daɗe suna cin moriyar ba. A 1935 Mussolini, shugaban gwamnatin Italiya na lokacin, ya afka wa Habasha, Majalisar Ƙasashe ta ƙaƙaba masa takunkumi, sai ya nemi matan Italiya su ba ƙasa zobban aurensu. Ran 18 ga Disamba na shekarar aka yi gangamin, Sarauniya Elena ta fara cire nata, mata suka yi layi suna jefawa, ana ba su na baƙin ƙarfe a madadi. Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya ƙarasa durƙusar da sana'ar.

Bayan yaƙi ne abin ya tashi. Ƙauyukan Toskana sun daɗe a kan noman raba-daidai: gona ta mai gida, wahala ta manomi da iyalinsa, amfani a raba biyu. A shekarun 1950 da 1960 matasa suka riƙa guje wa wannan rayuwa, Gori da Zucchi kuma na ɗaukar mutane har ma'aikatansu suka haura dubu. Wanda ya yi shekara goma a kan injin sarƙa ya san shi kamar yunwar cikinsa. Sai ya haɗa kai da ƙaninsa da surukinsa, su sayi inji ɗaya, su kafa shi a ƙarƙashin gida inda da ake ɗaure shanu, matarsa na riƙe da littafin lissafi. Mutumin da ya taso a noman raba-daidai dama ya saba gida guda ya zama ƙungiyar aiki guda, ya saba lissafin rabo, ya saba aiki ba duba agogo. Ta haka kamfani ɗaya ya haifi ɗaruruwa, har lardin ya wayi gari da maƙeru sama da dubu. Vicenza da garuruwan gefenta, irin su Trissino da Bassano del Grappa, sun yi irin wannan tashi. Vicenza ta ƙara da abu biyu: bajekolin gwal da ta fara a 1954, wanda har yanzu masu saye daga ko'ina ke halarta, da masu ƙera injinan kansu, kamar Sisma da aka kafa a Schio a 1961. Mai yin inji yana maƙwabtaka da mai amfani da shi, in ya lalace da safe kafin azahar an gyara, in kuma maƙeri ya zo da sabon salon saƙa, tare za su zauna su sauya haƙoran injin.

Kina iya tambaya, wanda ya fito daga gona ina ya ga kuɗin sayen kilo ɗaya na gwal? Bai saya ba. Nan ne dabarar take. Hanya ta farko, dillali ya kawo gwal ɗinsa a auna, maƙeri ya sarrafa, ya mayar da nauyin da aka ba shi, a cire ɗan abin da aka amince yana salwanta wajen aiki, a biya shi ladan hannu a kan kowane giram. Hanya ta biyu, banki ya ba shi aron gwal ɗin kansa, ba kuɗi ba. Ya karɓi kilo, bashinsa kilo ne, ruwan da zai biya kaɗan ne, hawa da saukar farashi kuma ba su cika taɓa shi ba tunda da ƙarfe zai biya. Banca Etruria ta Arezzo ta shahara da wannan har ana ce mata bankin gwal, shi ya sa rushewarta a 2015 ta girgiza garin. Sai ki ga mutum yana juya dukiyar da ta fi gidansa da motarsa daraja sau da yawa, alhali abin da ya mallaka inji ne da sunansa. Ranar da aka ce awonsa ya yi ƙasa, ko gwal ɗinsa bai cika 750 ba, kafin magariba duk garin ya ji, don dillalin da ɗan bankin da mai tace ƙarfen duk a shagon gahawa ɗaya suke karyawa.

Na taɓa shiga wata ƙaramar maƙera a wajen Arezzo, mutum bakwai ne a ciki har da mai gidan da 'yarsa. Kafin na ga gwal, ƙasa na fara lura da ita. An shimfiɗa mata raga ta ƙarfe, don duk ƙurar da ta faɗi ta zarce ƙasa kada tafin takalmi ya fita da ita. Teburin maƙerin an yanke gabansa kamar rabin wata, a ƙarƙashi an ɗaura fata tana tare abin da magagari ya goge. Wurin wanke hannu ba ya zuba kai tsaye a kwata, sai ruwan ya bi ta tankuna ya kwanta. Rigunan aiki, tsummokara, shara, takardar goge-goge, duk ana tarawa a kai wa masu tacewa su ƙona su fitar da gwal daga tokar. Wannan kaɗai sana'a ce mai zaman kanta a lardin, kamfanin Chimet da ita ya girma. Mai gidan ya ɗora mini wata sarƙa mai kauri a tafin hannu, na shirya jin nauyi sai na ji kamar ba komai. Ya yi dariya, ya nuna mini yadda ake yi: ana naɗe siririn fallen gwal a kan waya ta baƙin ƙarfe ko gaurayen jan ƙarfe, a saƙa sarƙar da ita, sannan a tsoma a ruwan asid ya cinye wayar ta ciki ya bar gwal ɗin fanko. Wannan dabara ce ta sa mace mai matsakaicin hali ta iya saka abin wuya mai cika ido. Ita ce kuma ta sa irin wannan sarƙa in ta lotse gyaranta ke wuya, don haka kada ki kwana da ita a wuya in irinta ce.

A wannan maƙera saƙa kawai ake yi. Makulli daga wani shago yake zuwa, wanda shi ba ya yin komai sai makulli. Yankan ƙyalli da bakin daiman na wani ne. Gogewa, wadda a Valenza yawanci aikin mata ne, ta wani gida ce. A Valenza ma rabon ya fi haka yawa: mai zane, mai sassaƙa samfuri da kaki, mai zubi, mai ɗaura duwatsu da ke zaune shi kaɗai da madubin ƙara girma. Zubin kakin nan, a rufe samfuri da ƙasa, a narkar da kakin, a zuba ƙarfe a gurbinsa, dabarar da masu zubin tagulla na Ife da Benin suka sani ce tun ƙarnuka, sai dai su sun haɗa ta da mazubin roba suna fitar da ɗaruruwa iri ɗaya. Zobe guda yakan zaga shago biyar ko shida a cikin 'yar jaka a kan keke kafin ya kammala. Masanin tattalin arziki Giacomo Becattini ya yi suna a kan nazarin irin waɗannan garuruwa, yana cewa garin ya kamata a duba, ba shago ɗaya-ɗaya ba.

Ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba. Ƙanƙantar nan ba duka hikima ba ce. Dokar ƙwadago ta 1970 ta tsaurara sharuɗɗan korar ma'aikaci ga kamfanin da ya wuce mutum 15, sai da yawa suka ga gara su tsaya ƙasa da haka, ko su raba kamfani biyu da sunan mata da miji. An yi aikin gida da ba a rubuta ba, an yi cinikin da bai ga takardar haraji ba, an shaƙi hayaƙin asid a ɗakunan da ba iska. Mai ladan giram kuma kullum a hannun dillali yake, wanda zai iya tsallaka titi ya sami mai yi da rahusa.

Kudu tana da nata labarin, kuma ya taɓa mu. Torre del Greco, a gindin dutsen Vesuvio kusa da Napoli, garin masunta murjani ne. Jiragensu na zuwa gaɓar Sardiniya da Tunisiya da Aljeriya su kwaso, amma ɗanye suke sayarwa, wasu garuruwan su sarrafa su ci ribar. A 1805 wani mutumin Marseille, Paul Barthélemy Martin, ya sami izinin sarkin Napoli ya buɗe wurin sarrafawa a garin. Ma'aikatansa suka koya suka watse, kamar dai yadda aka yi a Valenza. A 1875 aka gano wani makeken tarin murjani a tekun Sciacca na Sisiliya, kaya ya yi yawa har farashi ya karye, a 1878 kuma aka buɗe makarantar sassaƙar murjani a garin. Huda ƙwayoyin da zura su a zare aikin mata ne a cikin gidaje. Daga nan murjani ke tafiya Indiya da ƙasashen Larabawa da Afirka ta Yamma, don haka tsohon murjanin da ke cikin adakar kakanninmu ba abin mamaki ba ne in ta hannun waɗannan mata ya biyo. Haka ma duwatsun ado na gilashi masu zanen fure da fataken Hausawa suka yi ta yawo da su, da yawansu daga Murano ta Venis suke. Akwai kuma Campo Ligure a tsaunukan bayan Jenowa, inda Antonio Oliveri ya kai saƙar siririyar wayar azurfa a 1884, ƙauyen ya rungume ta.

Daga shekarun 1970 zuwa ƙarshen 1990 Italiya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kayan gwal. Daga nan iska ta juya. Turkiyya da Indiya da Sin da Tailan suka sayi injinan nan na Italiya suka koyi aikin, ga ladan ma'aikaci mai sauƙi. Gwal da yake dala 35 kowane oza kafin 1971, ya kai 850 a Janairun 1980, ya faɗo ya daɗe a ƙasa, sannan ya haura wajen 1,900 a 2011. In farashi ya yi haka mai saye yakan rage nauyi, mai ladan giram kuwa da nauyi yake ci. Maƙeru da dama suka rufe, musamman a Vicenza. Arezzo ta tsira ne da azurfa, da sarƙa mara nauyi, da kasuwar Dubai, wadda ta nan ne kaya masu yawa ke gangarowa shagunan Kano da Legas. Valenza kuwa manyan sunaye ne suka zo suka same ta har gida. Kamfanin kayan ado na Bulgari, wanda wani Bagirke maƙerin azurfa ya kafa a Roma a 1884, kuma rukunin LVMH na Faransa ya saya a 2011, ya buɗe babbar masana'anta a Valenza a 2017, a filin da tsohon gidan gonar Caramora yake. A ganina wannan taimako ne mai ƙaya. Aiki ya samu, albashi ya tabbata, amma yaron da da zai koya ya fita ya buɗe nasa, yanzu ya fi son zama ma'aikaci, ƙaramin shagon kuma da abokin ciniki guda yake rayuwa.

Mu koma kan makullinki. 750 na nufin kashi 750 cikin dubu gwal ne, sauran azurfa da jan ƙarfe, wato karat 18. Wanda ake ce wa na Saudiyya yawanci 875 ne, karat 21, ko 916, karat 22. Shi ya sa na Italiya ya fi tauri da riƙe ƙira, amma in an zo sayarwa giram ɗinsa ba ya kai na wancan kuɗi. Tauraron ya shigo cikin tambarin ne bayan wata doka ta 1968, don haka sarƙar ba ta girmi wannan lokaci ba. Lambar da ke tsakanin tauraro da AR ita ce ta rajistar maƙerin a lardin Arezzo, kuma da yake bi da bi ake bayarwa, ƙaramar lamba na nuna tsohon gida. In kin ga VI Vicenza ce, AL lardin Alessandria ne inda Valenza take, NA Napoli, FI Florans. Sai dai tambari ba ya wuyar bugawa, kuma akan ɗauki makulli na gaske a ɗaura wa sarƙar da ba ta kai ba. In kina son tabbaci, ki kai wa mai gwaji ya goga jikin sarƙar kanta a dutse ko ya sa ta a injin gwaji, a wuri biyu ko uku nesa da makullin, kina tsaye.